Daga Ina Wannan Laka Ta Fito? Shawara Ga Mai Bin Sawun Burbushin Halittu A Bakin Teku

Wata ɗaliba mai shirin digiri na biyu ta aiko mini da wasiƙa, ga abin da ta ce a taƙaice: "Malam, barka da aiki. An ba ni aikin gano asalin burbushin halittun da ke cikin ruwa da lakar bakin kogin Fokados, inda wani reshen Kwara ke zuba a teku. An ce mini in auna aisotof ɗin kabon, abin da ya fito kusa da −27 na tudu ne, abin da ya fito kusa da −21 na teku ne. Kuɗin da ke hannuna ba zai wuce na samfuri sittin ba. Ta ina zan fara?"

Ɗiyata, Allah ya ba da sa'a. Abin da aka gaya miki haka yake a littattafai, kuma a bakin koguna da yawa na duniya yana aiki. Amma kogin da aka ba ki ya ratso ƙasar gero da dawa da gamba kafin ya iso gare ki, wannan kuwa ya sauya lissafin gaba ɗaya. Shi ya sa na ba wasiƙarki filin yau duka. Bari dai in fara daga tushe saboda sauran masu karatu.

Duk wanda ya taɓa ɗibar ruwan kogi da damina ya ajiye shi ya kwana, ya san abin da yake tararwa a gindin tulu da safe. Wani ɓangare yashi ne da yumɓu, wani kuwa ragowar abin da ya taɓa rayuwa ne: ruɓaɓɓen ganye, saiwar ciyawa, kashin dabbobi, da ƙananan gansakukar da ido ba ya gani. Wannan nake kira burbushin halittu. A bakin teku shi ne tuwon jatan lande da ƙaguwa da kawa da 'ya'yan kifi. In ya yi yawa, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi sai su shanye iskar da ke cikin ruwa, a wayi gari kifi ya taso ciki sama. In kuwa ya nutse laka ta binne shi, kabon ɗinsa ya rabu da sararin sama ke nan na tsawon ɗaruruwan shekaru. Mai son ya san ko sare dajin mangurof, itatuwan fadamun bakin teku, zai rage wa masunta kamu, ko kuwa ruwan kwatar gari ne ke kashe kifi, tilas ya san inda burbushin nan ya fito. Wahalar ita ce da zarar ya ruɓe ya koma baƙin gari, ko da madubin likita ba ka rarrabe ganyen kuka da na mangurof.

Sai dai kowane tsiro yana barin shaida a jikin kabon ɗinsa, kamar tsagar gado a kumatu. Kabon ɗin da ke jikinmu da jikin itace kusan kashi 99 cikin ɗari mai nauyin 12 ne, kashi ɗaya da ɗan ɗoriya kuma mai nauyin 13. Su ake kira aisotof, 'yan ɗaki ɗaya ne da nauyi kaɗai ya raba su. Dukansu tsayayyu ne, ba sa rikiɗa komai daɗewa, saɓanin kabon 14 da ake ƙiyasta shekarun kayan tarihi da shi. Haka naitirojin yake da 14 da 15, mai nauyin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Bambancin da ake nema tsakanin samfuri da samfuri ƙanƙane ne ƙwarai, don haka ana faɗinsa cikin dubu, a gwada shi da ma'aunin da duniya ta yarda da shi. Ma'aunin kabon asalinsa ƙwanson wata halittar teku ne da ya zama dutse a yankin Pee Dee na jihar Karolaina ta Kudu a Amurka. Da ya ƙare sai hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana ta tsayar da madadinsa. Ma'aunin naitirojin kuwa iskar da muke shaƙa ce. In kin ga −27, ana nufin samfurin ya gaza ma'aunin da kashi 27 cikin dubu wajen yawan kabon mai nauyi. Wato −13 ya fi −27 nauyi. Ki riƙe wannan da kyau, don na ga ɗalibai da dama sun juya shi a rubutunsu.

Tsiro yakan fi son kabon marar nauyi in yana haɗa abincinsa da hasken rana, amma ba duka ne masu tsananin zaɓe ba. Kusan dukan itatuwa, da shinkafa da alkama da wake da gyaɗa, masu zaɓe ne sosai. Ana kiran hanyarsu C3, suna fitowa wajen −27, mangurof ma a cikinsu yake. Gero da dawa da masara da rake da gamba da yawancin ciyawar ƙasa mai zafi suna bin hanyar C4, wadda take cusa iskar kabon a cikin ganye ta yi amfani da kusan duk abin da ta kama, ba ta da sararin zaɓe. Su kuma wajen −13 suke fitowa. Bruce Smith da Samuel Epstein ne suka nuna wannan rabuwa a fili a 1971. Ƙananan gansakukar teku kuwa daga narkakken kabon na ruwan gishiri suke ci, wanda ya fi na iska nauyi, sai suka faɗo tsakiya, tsakanin −18 da −22.

Inda tudu duka daji ne, lissafin ba wuya. A ce mangurof ɗinki −28 ne, gansakukar teku −21, lakarki ta fito −24.5. Tana tsakiya daidai, rabi daga nan rabi daga can. To yanzu ɗauki mudu huɗu na kabon ɗin itace mai −27, ki zuba mudu uku na kabon ɗin karan dawa mai −13, ki gauraya. Huɗu sau 27 ya ba da 108, uku sau 13 ya ba da 39, jimla 147, a raba bakwai. Amsa −21. Babu ko ɗigon abin teku a cikin wannan gauraye, duka daga tudu yake, amma na'ura za ta ba ki lambar teku cif. In kika bi abin da aka gaya miki, za ki rubuta cewa ɗari bisa ɗari daga teku ya fito, a sa miki hannu, a ajiye a laburare, wani ya zo ya ɗora nasa aikin a kai.

Wannan ba zato ba ne, ya faru da manya. Shekaru da dama masu bincike suna auna lakar mashigin tekun Mekziko, suna ganin lambar tana tashi daga ta tudu a bakin kogin Misisipi zuwa ta teku in an yi nisa, har aka zauna kan cewa kayan tudu a gaɓa suke tsayawa. A 1997 Miguel Goñi da Kathleen Ruttenberg da Timothy Eglinton suka sake duba lakar. Suka ware lignin, wato sinadarin da ke ƙarfafa kara da itace, wanda gansakukar teku ba ta da shi ko kaɗan, suka auna kabon ɗinsa shi kaɗai. Sai ga shaidar C4 a can nesa da gaɓa. Ashe guntayen itace masu nauyi ne ke kwantawa a kusa, lallausar ƙasar filayen ciyawa kuma ruwa ya tafi da ita can gaba, ta saje da kayan teku. A bakin kogin Tana na Kenya ma Steven Bouillon da abokan aikinsa sun tarar da kaso mai tsoka na kabon ɗin ciyawa.

Yanzu dubi naki kogin. Ruwan Kano dai ba ya ganin teku. Kogin Kano da Challawa sukan haɗu su zama Haɗeja, su bi ta Yobe su nufi tafkin Chadi. Amma Rima da Sakkwato a Kwara suke zubawa, haka kogin Kaduna, Gongola kuma tana shiga Binuwai a Numan, Kwara da Binuwai su tarar da juna a Lakwaja su gangara kudu. Ƙasar da ruwan sama ya kwashe daga gonar dawa a Talatar Mafara ko Dadin Kowa hanyar Fokados ta kama. Madatsun ruwa irin su Kainji, wanda aka kammala a 1968, da Jebba da Shiroro da Lagdo na Kamaru suna tare wani kaso a bayansu. Nawa ne ke tsallakewa ya isa bakin teku, a wane wata, wannan shi ne abin da za ki auna, kuma shi zai ba aikinki daraja.

Saboda haka shawarata ta farko, wadda na fi nauyaya miki: kada ki ari lambobin tushe daga littafi. Cikin samfuri sittin ɗin nan ki ware kamar ashirin don auna tushen da kansu. Na san zai yi miki ciwo, don za ki ga kamar kin rage wuraren da za ki zana a taswira. Amma taswira mai wuri arba'in da aka san abin da lambobinta ke nufi ta fi mai wuri sittin da aka gina kan aro. Ki tsinci ganyen mangurof, wanda ya yi rawaya yana shirin faɗuwa, tunda shi ne ke shiga ruwa, ba ɗanye shar ba. Ki haɗa da ganyen dabinon ruwan nan nipa, wanda aka kawo Kalaba a 1906 ya bazu cikin fadamun gaɓa yana ture mangurof, da kainuwa, da ciyawar bakin rafi. Ki kankare koren fatar da ke bisa laka in ruwa ya janye. Gansakuka ce ita ma, kuma takan fito da nauyi har ta kusanci ciyawa, wani ɓarawon sawun ke nan. Ki fita da jirgi can bayan inda jan ruwan kogi ya ƙare ki tace ruwan teku tsantsa. Sannan mafi muhimmanci, ki hau sama inda gishiri ba ya kaiwa ki tace ruwan kogin kansa. Wannan samfurin shi zai gaya miki lambar da tudu ke shigowa da ita, bayan daji da ciyawa sun gama gaurayuwa a hanya.

Akwai wani abu da ke rikita mutane a nan. Gansakukar ruwan daɗi ba ta da lambar gansakukar teku. Narkakken kabon na kogi ya fito ne daga numfashin ƙasa da ruɓewar ganye, marar nauyi ne, don haka gansakukar da ta ci shi takan sauka har −30 ko ƙasa da haka, ta yi kama da itace. A bakin kogi, inda ruwan daɗi da na gishiri ke cuɗanya, lambarta tana sauyawa da ƙarfin gishiri. Don haka duk inda kika ɗebi ruwa ki auna gishirinsa nan take ki rubuta. Samfurin da ba a san gishirinsa ba rabin amfaninsa ya tafi.

Ki je sau biyu aƙalla: lokacin cikar kogi, wajen Satumba zuwa Oktoba, da lokacin da ya ja baya sosai, wajen Maris ko Afrilu. Teku kuma yana cikowa ya janye sau biyu a yini, ruwan safe ba shi ne na azahar ba a wuri guda. Ki zaɓi lokaci ɗaya, a ce janyewa, ki tsaya a kansa. Masuntan wurin sun fi kowane jadawali sanin wannan. Ki fara gaida mai gari da shugaban masunta, ki yi musu bayanin abin da ya kawo ki, ki ɗauki matuƙin jirgi daga cikinsu, ki sa rigar ceto ko da kin iya iyo.

Ga yadda aikin hannun yake. Matatar da aka saba da ita faifai ce ta zaren gilashi, Whatman GF/F, fara fat, mai ramukan da ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Tun a gida za ki naɗe su a takardar alminiyam ki gasa a tanderu kan zafi 450 na awa huɗu, don duk wani maiƙo ko ƙura ya ƙone. Daga nan yatsanki ba zai ƙara taɓa su ba, sai da hantsaki. Ki ɗora faifan a mazurari, ki zuba ruwa kina jan famfon hannu a hankali. Da farko ruwan zai wuce da gudu, can sai ya koma ɗigo, ki ga farin faifan ya rine. Ruwan kogi da damina, kofi ɗaya ya isa ya mai da shi ja kamar ƙasar gini. Ruwan teku kuwa sai kin tace lita biyu ko uku kafin ki ga ɗan kore-kore mai ƙarni. Ki riƙa rubuta launin, da yawan ruwan da ya wuce. Wata rana lamba za ta ba ki mamaki, wannan rubutun ne zai warware miki. In kin ga ɗan jatan lande ko guntun ganye a kan faifan ki cire shi, don shi kaɗai zai rinjayi sauran. Ki ninke faifan datti a ciki, ki mai da shi cikin takardarsa. Kowace fita ki ajiye faifai ɗaya da ya yi tafiyar duka ba a tace komai da shi ba, a auna shi tare da sauran. Ita laka, saman kawai za ki ɗiba, kaurin ɗan yatsa, da cokalin ƙarfe mai tsabta.

Littattafan ƙasashen waje za su ce ki daskarar a firiza. A nan ki dogara da busarwa. Na taɓa barin aikin mako biyu a firizar wani masauki, wuta ta ɗauke kwana uku, ba wanda ya tayar da janareto. Da na buɗe, warin da ya buge ni ya isa bayani, haka na zubar da su duka, don abin da ya ruɓe lambarsa ta riga ta sauya, musamman ta naitirojin. Tun daga ranar nake busar da komai a yinin da na ɗebo shi, a oba kan zafi 60, sannan in rufe cikin mazubi da ƙwayoyin silika masu shan laima. Kada ki shanya a fili, ƙurar hunturu da hayaƙin janareto duk suna ɗauke da nasu kabon. Kada ki jiƙa a fomalin ko sifirit, su ma kabon ne. Busasshen ganye da laka ki daka su a turmin dutse ko na tangaran su yi laushi kamar kwalli, ki wanke turmin tsakanin kowane samfuri.

Sai maganar asid, inda ake yawan tafka kuskure. Lakar bakin teku cike take da garin ƙwanson kawa da dodon-koɗi, kabon ɗin ƙwanso kuwa kusa da sifiri yake. Ɗan kaɗan ya isa ya ɗaga lambarki daga −26 zuwa wani wuri da za ki rantse ciyawa ce ko teku. Ki ɗiga tsarmamman asid ɗin haidirokulorik a kan ɗan garin lakar ki kasa kunne: in ya yi kumfa yana tsuwa kamar an zuba kanwa a tsamiya, akwai ƙwanso. Ki ci gaba da ɗigawa har ya yi shiru, sannan ki sake busarwa. Faifan tacewa kuma turara su ake yi da tururin asid a rufaffen gilashi. Amma asid yana taɓa naitirojin, don haka ki raba kowane samfuri biyu: mai asid don kabon, a ƙunshe shi a ɗan kwanson azurfa, marar asid don naitirojin, a kwanson kuza. Ki yi wannan aikin inda iska ke fita, da safar hannu da tabarau.

To, in kabon kaɗai ba ya raba gardama, me zai raba? Abu mafi arha shi ne yawan kabon a kan naitirojin, wanda na'urar za ta ba ki kyauta tare da sauran. Gansakuka mai yawan furotin ce, nata tsakanin 6 da 9 yake, ganyen tudu kuwa yakan haura 20. Sai dai tsohuwar ƙasar gona da ƙwayoyin ruɓa suka daɗe suna sarrafawa takan sauko wajen 10 zuwa 12, ta kusanci gansakuka. Shaida ce, amma ba ta isa a yanke hukunci da ita kaɗai ba. In kina da halin auna koren launin ganye a ruwan, ki auna. Inda kabon ya yi yawa koren ya yi kaɗan, mataccen burbushi ne ya fi yawa, ba gansakuka mai rai ba.

Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce kibiritu, wato farar wuta. Irin rikicinki ya taɓa tasowa a fadamun gishiri na gabashin Amurka. Ciyawar da ke rufe su C4 ce, dajin bayansu C3, gaurayensu kuma yana kama da gansakukar teku. A shekarun 1970 Evelyn Haines ta auna burbushin ruwan gaɓar jihar Jojiya ta ga lambarsa ba ta ciyawar ba ce, aka daɗe ana muhawara. A 1985 Bruce Peterson da Robert Howarth da Robert Garritt suka ƙara kibiritu a lissafin a fadamar Sippewissett. Kibiritun ruwan teku +21 ne a ko'ina, gansakukar teku tana kusa da haka. Tsirran tudu sun fi shi sauƙi nesa ba kusa ba, masu saiwa cikin baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa su suka fi kowa sauka. Da wannan suka nuna cewa wata dangin kawa da ke can cikin fadama ciyawar take ci, wadda ke kusa da bakin teku kuma gansakuka. Ki lura ba laka suka auna ba, naman dabba ne. Laka tana da nata kibiritun na ma'adini da ke ɓata awon.

Wannan ya kawo ni kan kawar da ke manne a saiwar mangurof. Kwalbar ruwa labarin awa ɗaya take ba ki. Kawa kuwa tana nan wuri guda tana tace ruwa dare da rana, namanta ya tara labarin makonni. Ki ciri tsokar da ke rufe ƙwanson, ki bar kayan ciki, don kitse kabon ɗinsa ya fi sauran jiki sauƙi. Ki tuna dabba takan fi abincinta nauyi: a kabon kamar kashi ɗaya ko ƙasa da haka, a naitirojin wajen 3.4 a kowane mataki, kamar yadda Minagawa da Wada suka nuna a 1984. Sai kin cire wannan kafin ki gwada ta da tushe.

Naitirojin shi ne mai tona asirin ƙazanta. Takin zamani daga iska ake yin sa, lambarsa kusa da sifiri. Bahayar mutum da ta dabba, in ta zauna a rami ko a wurin tacewa, naitirojin marar nauyi yana tashi iska ya bar mai nauyi, sai ta haura +10, wani lokaci har +20. A mashigin Moreton kusa da Birizben a Ostareliya, Simon Costanzo da abokansa sun rataya wata jar gansakuka a cikin 'yan kwanduna a wurare da yawa na kwana huɗu, suka kwaso suka auna, suka zana taswirar inda ruwan kwatar birnin ke kaiwa. An buga aikin a 2001. Dabara ce mai arha da za a iya yi a tafkin Legas gobe. Amma a nan ma kada ki ari lamba. Ƙazantar da aka zuba ɗanya kai tsaye daga masai a kan ruwa ba ta sami lokacin yin nauyi ba. A gaɓar Los Anjeles an tarar burbushin kwatar birnin ya fi na teku sauƙi ma. In akwai ƙauye ko mayanka kusa da wurinki, ki ɗebi ruwan kwatarsu da kanki.

Ɗanyen mai kuma, a Neja Delta ba za ki kauce masa ba. Kabon ɗinsa yana kusa da na itace, in ya gauraya da laka sai ki ɗauka mangurof ne. Hancinki da idonki su ne na'urarki ta farko: lakar da ke ƙyalli ko warin kananzir ki yi mata alama daban. Abin da ke raba su sosai shi ne kabon 14, wanda rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5,730. Mai ba shi da ko ɗigonsa, ganyen bara kuwa cike yake da shi. Awon yana da tsada, ya fi ƙarfin kuɗinki na yanzu, amma ki ajiye ragowar busasshiyar lakar, ba ta lalacewa.

Na'urar awon tana ƙone samfurin ta mai da shi iska, maganaɗisu ya rarrabe ƙwayoyin bisa nauyinsu. Mai yiwuwa sai kin aika waje, irin ɗakin awon jami'ar Kef Tawun. Ki rubuta musu tun kafin ki sayi faifai ko ɗaya. Su za su gaya miki nauyin da suke so, wanda ga nama bai wuce miligiram ɗaya ba, da takardun izinin shigar da ƙasa da ganye, don akan tsare laka a kan iyaka. Cikin abin da za ki aika ki saka samfuri uku ko huɗu sau biyu da lambobi daban, ba tare da kin faɗa ba. In tagwayen sun dawo da bambancin da ya wuce 0.2 ko 0.3, ko dakanki bai yi laushi ba ko akwai matsala a can, ki tambaya. Kuma duk bambancin da bai kai wannan ba tsakanin wuri da wuri, kada ki gina magana a kansa.

In sakamako ya dawo, kafin ki taɓa kwamfuta ki ɗauki takardar zane. Kabon a kwance, naitirojin a tsaye, ki sa tushenki, ki haɗa su da layi su zama shinge, sannan ki zuba samfuranki. Wanda ya faɗa wajen shingen yana gaya miki akwai tushen da ba ki ɗebo ba. Ƙa'idar lissafi ita ce aisotof ɗaya tushe biyu yake rabawa, biyu su raba uku. Manhajar MixSIAR da ke aiki cikin manhajar lissafi ta R kyauta ce kuma tana karɓar tushe fiye da haka, amma ko me kika zuba mata za ta ba ki amsa, har da kyakkyawan zane. In ta ce kason mangurof yana tsakanin 10 da 70 cikin ɗari, ki rubuta haka, kada ki ɗauko 40 ki ce shi ne. Tushen da lambobinsu suka yi kusa, kamar mangurof da nipa, ki haɗe su wuri ɗaya.

Kin tambayi ta ina za ki fara. Ki fara da zuwa Aboh, kusa da inda Kwara ke rabuwa gida biyu ya zama Nun da Fokados, cikin watan Oktoba, da faifai biyar a jaka. Ki tace ruwan tsakiyar kogi, ki busar, ki aika su kaɗai tun kafin babban aikin. In sun dawo wajen −27, hanyar da aka nuna miki za ta kai ki. In sun dawo −23 ko −22, ki je wurin malaminki da takardar a hannu, cikin ladabi, ku sake zama kan tsarin, a nemo kuɗin kibiritu ko na lignin tun da sauran lokaci. Ki rubuto mini abin da kika samu.